Ɗana, Kafin Ka Miƙa Wa Wani Wayarka

Ɗana, zo mu yi magana a kan wata 'yar matsala wadda ita kanta ba ta taka kara ta karya ba, amma tana jawo wa mutanenmu asara mai ciwo. Ran kasuwa ce a Aujara, ka sayar da buhun riɗi ko ɗan rago, mai saye ya ce ya turo maka kuɗin. Ka zaro waya ka buɗe manhajar banki don ka gani da idonka, sai fuskar wayar ta yi fari fat, ko wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiya ba ya tsayawa. Wani lokacin ma komai zai fito, sai dai layukan nan uku na kusurwar sama, waɗanda in an taɓa su suke zubo da jerin zaɓi, wato menu, ka danna ka sake dannawa, ko gezau. Mai saye yana tsaye a kanka yana cewa, “Alhaji, wallahi ya fita daga wajena, ga shi ka duba.” Motarsa ta cika, direba yana ta ƙwala masa kira. A daidai wannan lokaci ne mutum yakan aikata abin da zai daɗe yana cizon yatsa a kansa.

Ka fara riƙe wannan da kyau. Kuɗinka ba a cikin wayar suke ba. Suna rubuce a manyan kwamfutocin banki, can nesa da kai, ko wayar ta faɗa rijiya ba abin da zai same su. Manhaja ƙofar rumbu ce kawai. In ƙofa ta cije, hatsi yana nan a ciki, kuma ba mai hankalin da zai rushe rumbunsa ko ya kira ɗan hanya ya shigar masa don ƙofa ta yi gardama. Menu da ya ƙi fitowa bai rage maka ko kwabo ba. Abin da hannunka zai yi bayan ka ruɗe, shi nake ji maka tsoro.

Ba na ganin laifin wanda ya ruɗe. Ba da shiri muka shiga wannan harka ba, turo mu aka yi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa watan Fabrairu na 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a kasuwanni, daga Shuwarin zuwa Gujungu har Maigatari. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, amma kafin nan dattawan da ba su taɓa taka ƙofar banki ba sun buɗe asusu a OPay da Moniepoint da PalmPay, domin in ba haka ba, ba ciniki. A tsaitsaye aka saka musu manhaja, aka ce ga inda za ka danna, karatu ya ƙare. Ba wanda ya zauna ya gaya musu abin da za su yi ranar da wurin dannawar ya ƙi bayyana. Ga shi kuma mutumin Aujara ko wani ƙauyen Jahun, in yana son ganin ma'aikacin bankinsa ido da ido, sau da yawa sai ya biya kuɗin mota zuwa Dutse ya kashe yini guda.

To, in abin ya same ka, ka fara bincike daga wajen wayarka tukuna. Ka waiwaya ka tambayi na kusa da kai mai irin manhajarka, “Taka tana buɗewa?” Ka tambayi mai POS na bakin hanya, shi da yake yini a kan abin, ya fi kowa sanin bankin da yake da sabis yau da wanda ba shi da shi. In ta ƙi wa mutum uku, ka mayar da wayarka aljihu, ciwon ba naka ba ne. Ranar Alhamis 14 ga Maris na 2024, muna cikin kwanakin farko na azumi, manyan wayoyin intanet guda huɗu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka riƙa tsayawa a Nijeriya, kuma gyaran wasu wayoyin ya ɗauki makonni. Ka duba nisan da ke tsakanin Aujara da wancan teku. Duk wanda ya goge manhajarsa a ranar, ko ya biya kuɗi aka wanke masa waya, ya wahalar da kansa ne a kan abin da ba ya hannunsa, ba ya hannun mai gyara.

In kuwa ta kowa tana yi, taka ce kaɗai ta ƙi, sai ka duba sabis. Cikar sandunan nan na sama ba ta nufin intanet tana tafiya. Ka lura da harafin da ke gefensu: in ka ga E, layin ya koma mai rauni, kira zai shiga amma manhajar banki za ta sha wuya. Ran kasuwa jama'a sukan taru a kan turken sabis ɗaya, kowa yana ja, don haka ka ɗan fita daga cunkoso. Ka kunna alamar jirgin sama na ɗan lokaci ka kashe, layin zai sake neman hanya. Ka danna *323# ka ga ko datarka tana nan. A nan akwai wani tarko da yake kama mutane da yawa: akwai data mai arha wadda aka yi ta don WhatsApp da Facebook da makamantansu kawai. Sai mutum ya ga saƙonni suna shigowa, hotuna suna buɗewa, ya rantse yana da data, alhali irin wadda ya saya ba ta buɗe manhajar banki. Mai layi biyu kuma ya duba wanne ne aka ɗora wa intanet, don sau da yawa datar tana kan wannan, wayar tana nema a kan wancan.

Bayan nan ne za ka shiga cikin wayar, kuma ka fara da mafi sauƙi. Ka rufe manhajar gaba ɗaya, ka share ta daga jerin waɗanda suke buɗe, ka sake buɗewa. In ta ƙi, ka kashe wayar ka kunna. Kada ka raina wannan don sauƙinsa, shi yake warware mafi yawan irin wannan tsayawa. Daga nan ka kalli agogo da kwanan watan wayar. Wayar da batirinta ya mutu murus ta kwana biyu kafin a kai ta wurin masu caji takan tashi da kwanan wata na wata shekara daban. Manhajar banki kuwa, kafin ta yarda ta yi magana da kwamfutar bankin, sai ta duba wata shaidar tsaro mai ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa. In agogonka ya ce muna wata tsohuwar shekara, sai ta ga shaidar ba ta dace ba, ta ƙi buɗewa, wani lokaci ba tare da ta gaya maka dalili ba. Ka shiga saiti ka bar wayar ta riƙa ɗaukar lokaci da kanta daga layi.

Sai ma'adanar waya. Yawancinmu Tecno da Itel da Infinix muke riƙewa, kuma ƙananan cikinsu ba su da fili sosai. Ga bidiyon wa'azi, ga na biki, ga finafinai, ga duk abin da aka zubo a zaurukan WhatsApp yana sauka da kansa ba ka sani ba. Manhaja tana bukatar ɗan fili da za ta shimfiɗa kayanta kafin ta nuna maka su, in ba ta samu ba sai ta tsaya a rabin hanya. Ka goge abin da ba ka bukata, ka hana WhatsApp sauke bidiyo sai da izininka.

A cikin saiti, a ƙarƙashin sunan kowace manhaja, akwai wurare biyu da suke maƙwabtaka, kuma ina so ka san bambancinsu kamar yadda ka san sunanka. Ɗaya an rubuta Clear cache. Wannan tarkacen wucin gadi yake sharewa, wanda manhaja take ajiyewa don ta yi sauri, kuma in tarkacen ya gurɓace shi yakan hana menu fitowa. Ka danna shi ba fargaba. Ɗayan an rubuta Clear data. Shi wannan yana mayar da manhajar kamar yau aka saka ta, ta manta da kai ɗungurungum. Ba zai taɓa kuɗinka ba, amma sai ka sake shiga daga farko, kuma za a nemi lambar sirrinka, a turo wata lamba ta saƙo zuwa layin da aka buɗe asusun da shi. Kafin ka taɓa shi, ko ka goge manhajar da niyyar sake sakawa, ka tambayi kanka: na tuna lambar sirrina? Layin yana hannuna? Yana aiki? Da yawa daga cikin asusun da aka buɗe a rububin 2023 da layin ɗa ko ƙane ko maƙwabci aka buɗe su. Wasu layukan kuma an rufe su a aikin haɗa layi da lambar NIN, wanda aka fara a Disamba 2020 aka sa masa wa'adin ƙarshe a 14 ga Satumba 2024. Mutum yana shiga manhajarsa kullum da zanen yatsa, bai san layin ya mutu ba, sai ranar da ya goge ta ya ga ba hanyar komawa. Daga matsalar minti biyar ya koma zirga-zirgar makonni. In ka san asusunka yana kan layin da ba naka ba, ka gyara wannan tun manhajar tana buɗewa lafiya.

Akwai wani dalili da ba a cika kawo shi a rai ba, kuma iyayenmu ya fi shafa. Dattijo idonsa ya yi rauni, jikansa ya ƙara masa girman rubutun waya har ƙarshe don ya riƙa karanta saƙo. Niyya mai kyau ce. Amma wasu manhajojin ba a gina su don rubutu mai wannan girma ba, sai kalmomi su cika fuskar wayar su ture maɓallin zuwa can gefe ko ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Menu yana nan, fili ne ya rasa. A rage girman rubutun kaɗan, sai ga shi ya dawo. Haka nan wayar da gilashinta ya tsage a kusurwa, wurin yakan daina jin taɓawa, ga shi a kusurwar aka fi ajiye layukan nan uku. Ka gwada taɓa daidai wurin a wata manhajar. In can ma bai ji ba, gilashi za ka canza, ba ruwan banki.

Su layukan uku ɗin ba jiya aka ƙirƙiro su ba. Wani mai zane a Amurka, Norm Cox, shi ya zana su don kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981, ya yi su ne su yi kama da jerin abubuwa a rubuce. Wanda ya tashi da kwamfuta yana ganinsu ya gane. Mahaifiyarka kuwa ba wanda ya taɓa gaya mata cewa layi uku na nufin “akwai sauran zaɓi a nan”. A ganina masu ƙera manhajojin nan ba su cika tunawa da mai ƙaramar waya da raunin sabis da ƙarancin Turanci ba, kuma hakkin talaka ne su tuna da shi, tunda da kuɗinsa suke juyawa. Suna kuma sauya fasali ba sallama: abin da yake sama jiya, yau an mayar da shi ƙasa, ko an ɓoye shi a bayan hoton kan mutum. Don haka kafin ka ce ya ɓace, ka duba kusurwa huɗu.

Batun sabuntawa kuma, ina roƙonka ka daina karɓar manhajar kuɗi ta Xender daga wayar aboki don tsimin data. Abin da zai turo maka zai iya zama tsohon zubi wanda bankin ya daina magana da shi, zai iya zama kuma na jabu wanda aka yi don satar lambobinka. Daga Play Store kawai za ka ɗauko, can kuma za ka sabunta. In ka shiga, ka sabunta har da wani abu mai suna Android System WebView. Ba ka ganinsa a fuskar waya, amma da shi manhajoji da yawa suke zana shafukansu. A watan Maris na 2021 wani sabon zubinsa ya zo da tangarɗa, manhajoji irin su Gmail suka riƙa rufe kansu a wayoyin mutane a faɗin duniya, har sai da Google ya fitar da gyara. In kuma akwai VPN a wayarka, irin wadda matasa suka saka lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, ka kashe ta. Tana sa a ga kamar daga wata ƙasa kake shigowa, wasu manhajojin kuɗi kuwa ba sa yarda da haka.

Wani lokacin ba lalacewa ba ce sam, da gangan aka rufe maka wani sashe. A Disamba 2023 Babban Banki ya umarci a haɗa kowane asusu da lambar BVN ko NIN, ya ce daga Maris 2024 za a dakatar da fitar kuɗi daga wanda ba a haɗa ba. In manhaja tana buɗewa amma wurin tura kuɗi ya dushe, ka nemi wani ya karanta maka saƙon da ke sama. Wannan ba aikin mai gyaran waya ba ne.

Yanzu ga abin da ya sa na zaunar da kai. Duk waɗannan da na lissafa, ko ka manta rabinsu, asararka ɓata lokaci ce. Abin da zan faɗa yanzu shi ne ba na so ka manta.

Kada ka saki kayanka don an nuna maka hoton rasit a wayar mai saye. Hoto ana ƙirƙirarsa, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. In manhaja ta ƙi, akwai lambobin da ba sa bukatar intanet: *894# na First Bank, *737# na GTBank, *919# na UBA, *901# na Access, *966# na Zenith. Ana cirar ɗan kuɗi, amma za ka ga ragowar asusunka ko da ƙaramar waya mai maɓalli. Ka koyi ta bankinka tun yau. Mai saye na kirki zai jira, ko ya bi ka wurin mai POS ya ciro maka a hannu. In kai ne mai turawa kuma abin ya tsaya yana juyawa, kada ka sake turawa sai ka duba ragowar kuɗinka. Sauri kan haifi nawa, kuma karɓo kuɗin da ya tafi sau biyu aiki ne ja.

Kada ka hau Facebook ka rubuta a ƙarƙashin shafin banki cewa manhajarka ta ƙi buɗewa, ga lambarka. Akwai waɗanda ba su da sana'a sai jiran irin wannan rubutu. Za su kira ka da ladabi, wani ma da Hausa tsantsa, ya ambaci sunanka, ya ba ka haƙuri, ya ce yanzu zai gyara maka, ka dai karanto masa lambar da za ta shigo wayarka. Wannan lambar ita ce izinin shiga asusunka daga wata wayar. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar ta, ba ya tambayar lambar sirrinka, ba ya tambayar lambobin jikin katinka. Duk wanda ya tambaya, ko da sunan wa ya zo, ka kashe wayar. In an turo maka wani adireshi aka ce ka danna ka sauke “sabuwar manhaja”, kada ka danna.

Masu gyaran waya kuwa, daga na bakin tasha har na Farm Centre a Kano, yawancinsu 'ya'yanmu ne masu neman halal, ba na zarginsu. Amma shago wuri ne na shige da fice, akwai yara masu koyo, akwai abokai masu zaman hira. In za ka bar wayarka, ka cire layinka ka tafi da shi, domin wanda ya riƙe layinka ya riƙe rabin asusunka. In ana bukatar lambar sirri, ka karɓi wayar ka saka da hannunka. In an ce sai an yi mata filashin, ka tambaya me aka gwada kafin a kai nan, don filashin yana share komai, lambobin mutane da hotuna da takardu, kuma da wuya a ce menu ɗaya da ya ƙi fitowa ya kai ga haka.

Kai kuma da Allah Ya ba ka ilimin abin, nauyi ya hau kanka. Kai ake kira in wayar Baba ta ƙi, kai matan gida masu sana'ar ƙuli-ƙuli da ɗinki da adashi suke aiko wa da waya a hannun yaro, wani lokaci har da lambar sirri a rubuce a 'yar takarda. Ka mayar da takardar, ka je da kanka, ka gaya musu kada su ƙara. In Inna za ta saka lambarta, ka kawar da kai ko da ta ce ba komai, don ta saba da cewa haka ake yi da kowa. Kada ka fizge wayar ka gyara cikin daƙiƙa goma ka miƙa mata. Ka bar ta a hannunta, ka ce ta danna nan, ta danna can, ko da za a maimaita sau da yawa, saboda ranar da abin zai sake faruwa wataƙila kana makaranta a Dutse ko kana Kano wurin nema. Kuma kada ka buɗe wa kowa asusu da layinka, komai kusancinku.

In ka bi duk wannan abin bai yi ba, to lokacin kai ƙorafi ya yi, kuma ka je da shiri. Ka rubuta samfurin wayarka, da ranar da abin ya fara, da abin da kake dannawa lokacin da yake tsayawa, da duk kalmar da ta fito a fuskar wayar. Wasu manhajojin banki ba sa bari a ɗauki hoton fuskarsu, sai ka ɗauka da wayar wani. Ka kira lambar da ke bayan katinka na ATM, ko ka je reshen bankin da katin shaidarka da layinka. Ka nemi a ba ka lambar ƙorafi, ka adana ta. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, Babban Banki yana da sashen kare hakkin masu hulɗa da bankuna, kuma wannan lambar za su fara tambayarka. In kuwa matsalar ta layi ce, ka kai wa kamfanin sun yi biris, hukumar sadarwa ta NCC tana karɓar ƙorafi a lamba 622, kiran kyauta ne.